Injin Hagu Ba Ya Shan Mai

Wanda ya zo don nishaɗi ya tashi ya ba wani wuri. Wannan labarin Lawwali ne, mutumin Furfuri, da jirginsa mai inji biyu, kuma babu abin dariya a ƙarshensa.

Lawwali dillalin hatsi ne a kasuwar Tsafe. Ba matsiyaci ba ne. Yana da gida a Gusau, da mace mai haƙuri, Sa'adatu, da 'ya'ya biyu, Mu'azu da ƙanwarsa Juwairiyya. Cutarsa ɗaya ce, ido. Ranar da maƙwabci ya sayi babur, ranar Lawwali ba ya cin tuwo. In gonar wani ta yi kyau, sai ya sake hanya don kada ya gan ta.

Akwai taubashinsa Yahaya, ɗan gwaggonsa. Tare suka tashi, tare suka yi kiwon awaki. Allah ya buɗa wa Yahaya ta sana'ar takin zamani. A shekarun da 'yan bindiga suka matsa wa hanyar Tsafe, manyan mutane suka rage bin mota, sai wata rana Yahaya ya ɗauko shatar jirgi daga Kaduna. Dangi suka tafi filin jirgin Gusau tarbarsa. Lawwali ma ya je, don kada a ce bai je ba.

Jirgin fari ne, ɗan madaidaici, inji ɗaya a kowane fiffike, kowane inji da farfelarsa a gaba. Ya sauko yana gurnani har ƙasa na rawa. Aka kashe injinan, farfelu suka yi ta juyi a hankali har suka tsaya. Ƙofa ta buɗe ta zama matakala, Yahaya ya sauko yana gyara babbar riga.

Kowa a wurin ya ce, "Tubarkalla." Lawwali bai ce ba.

Yahaya ya hango shi, ya washe baki. "Bawana, ka zo tarbar ubangidanka? Matso ka taɓa shi, ba ya cizo. Amma goge hannunka tukuna, da ƙaiƙayin dawa a jikinka."

Aka yi dariya. Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi.

Lawwali ya ce, "Naka ne?"

"Ina fa. Shata ce. Sun aje ni, yanzu za su juya."

Lawwali ya nuna haƙora kamar kowa. Amma tun daga ranar, ko ya rufe ido farfelun nan yake gani suna juyi. Ba shata yake so ba. So yake ya mallaki jirgin, Yahaya ya tsaya a ƙasa yana ɗaga kai.

Bayan 'Yankuzo akwai wani tsauni, a cikinsa akwai boka. Ba ya ganin mutum sai rana tsaka, lokacin da inuwa ke ɓuya ƙarƙashin ƙafa. Ya ce ba ya son shaida, ko da inuwar mutum ce. Lawwali ya bar babur ɗinsa a gindin dutsen ya hau da ƙafa.

A bakin kogon wata tsamiya ce ta bushe a tsaye, an ɗaure ta da jajayen tsummoki. Ciki sanyi kamar rijiya, da warin tsohon jini. Kawunan birai a jere kan dutse, an cusa musu wuri a gurbin ido. Daga rufin kogon ƙananan goruna ne birjik suna reto a jikin zare, kowanne an toshe bakinsa da kakin zuma. Babu iska, amma suna lilo. In ka kasa kunne sai ka ji suna gunaguni, kamar hayaniyar kasuwa daga nesa.

Bokan na zaune kan fatar kura, siriri, kansa a sunkuye.

"Mi kaka so?"

"Jirgin sama. Mai inji biyu."

"Ina za ka da shi?"

"Ba tafiya ta dame ni ba. So nike in sauko daga cikinsa, wani na kallo."

Bokan ya ɗago. "To, kai ka san abin da ya kawo ka. Da yawa ba su sani ba. Inji biyu ka ce. Na dama kai za ka riƙa zuba masa mai. Na hagu ni zan ciyar da shi."

Lawwali ya ce, "In faɗa maka tun yanzu. Ba ni ba da ɗiyana. Ba ni ba da matata. Jinin gidana ba ya cikin cinikin ga."

"Wa ya tambaye ka ɗiya? Ka ga na yi kama da mai raino?"

"Baƙin sa, to? Ko rago?"

"Ina da nama."

"To mi?"

"Kalma guda nika so daga bakinka. Ka ba ni ita, ba ka ƙara faɗinta har ka mutu."

 Lawwali ya zaci kalmar shahada ce. Ya ja baya kaɗan.

Bokan ya yi wata 'yar dariya maras sauti. "Kwantar da hankalinka. Ba waccan ba. Tubarkalla."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Lawwali ya nemi inda tarkon yake. Bai gani ba. Kalma ce da dama ba ta cika zama a bakinsa ba. In ya faɗe ta ma don idon mutane ne.

"Kuma da mi za ka ciyar da injin hagun?"

"Da abin da idonka ya zaɓa. Ni ba ni zaɓe. Duk abin da ka kalla, ranka ya ce don mi ba naka ba ne, shi ne man."

Fuskar Yahaya ta zo wa Lawwali. Daɗi ya rufe shi har ya kusa yin godiya.

"Na yarda."

Bokan ya tsinko wani sabon gora, ya kara masa a baki. "Faɗe ta ciki."

Ya faɗa. Ya ji wani abu ya zare daga gindin harshensa, kamar an cire ƙaya. Bokan ya toshe goran da kaki, ya rataye shi cikin 'yan uwansa, nan take shi ma ya fara lilo. Sannan ya lakato wani baƙin kwalli da ƙashin tsuntsu ya zizara masa a idon hagu. Ya yi zafi, ya yi sanyi.

"Sauka. Kada ka waiwayo."

Tsofaffi ba don ado suka riƙe kalmar nan ba. In ka ga abu mai kyau a hannun wani, ka ce tubarkalla, ka mai da abin ga Mai shi, idonka ya huce. In ba ka ce ba, kambun baka ya kama abin. Kowace tsohuwa a Furfuri ta san wannan. Lawwali ma ya sani. Gani ya yi makami ne aka ba shi.

Ran kasuwar da ta biyo baya ya bi ta gaban siton Yahaya, buhunan taki har rufi. Ya tsaya ya ce, "Kai, wanga sito ya cika." Kafin mako ya zagayo wuta ta cinye shi ƙurmus. Masu ba Yahaya kwangila suka juya masa baya. A cikin damina guda ya koma sayar da goro da ruwan sanyi a ƙofar filin jirgi.

Shi kuwa Lawwali, akwai wata gonar duwatsu da ya gada, wadda ko gero ba ta yi. A nan aka tono zinariya. Ya je Makka ya dawo. Shekara ba ta cika ba ya sayi jirgi, fari, mai inji biyu, da kujerun fata masu laushi. Ya ɗauki matuƙi, Kyaftin Ezekiel, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a sama, ba ya tashi sai ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa. 'Yan kasuwa da 'yan siyasa suka yi ta rububin shata, yau Abuja, gobe Kano, jibi Sakkwato. Jirgin ba ya kwana biyu a ƙasa.

Ranar da Lawwali ya fara saukowa daga matakalar, Yahaya na bakin shinge da farantin goronsa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Tubarkalla, bawana ya zama tsuntsu." Lawwali ya wuce shi. Bai ƙara yi masa kallo na biyu ba, don a ganinsa babu sauran abin so a jikin Yahaya. Abin da ya tsirar da Yahaya ke nan.

To amma ido bai ƙoshi ba. Da ya rasa na sama da shi a waje, sai ya juyo cikin gida.

Dukiya ta ɗauke wa Lawwali barci da cin abinci. Wata rana bayan azahar ya shigo gida kansa na sarawa, ya tarar da Sa'adatu ta ci tuwonta ta suɗe kwano, ta miƙe kan tabarma a inuwar darbejiya, tana barci bakinta a ɗan buɗe. Ya tsaya a kanta. Shi da jirgi, shi da zinariya, amma bai da wannan.

Ya ce, "Ke dai kin iya barci."

Aka kira la'asar ba ta tashi ba. Juwairiyya ta taɓa ƙafarta ta ji sanyi. Kafin magariba an kai ta.

Bayan an share makoki Ezekiel ya same shi a ofis, hularsa a hannu.

"Alhaji, akwai abin da ban gane ba. Injin hagu ba ya shan mai."

"Ba alheri ba ne?"

"Ba haka inji yake ba. Mun je Abuja mun dawo, tankin dama ya sauka yadda ya saba, na hagu yana nan a cike. Na ce agogon auna mai ne, injiniyoyi suka canza shi. Suka buɗe tankin da hannu, a cike yake. Kuma injin ya fi ɗan uwansa ƙarfi, jirgin har ja yake yi gefe, sai na danne shi da ƙafa."

"Tun yaushe?"

Ezekiel ya duƙar da kai. "Tun rasuwar Hajiya."

Lawwali ya ce masa ya je ya yi aikin da ake biyansa. 

Juwairiyya yarinya ce mai kai. Ta haddace Alƙur'ani, ga boko tana ja. Ranar walimar saukarta gidan ya cika. Ta zauna ta yi karatu, malamai suna gyaɗa kai, mata suna share hawaye, kowa na cewa tubarkalla. Lawwali na kujerar gaba. Shi da in an kawo takardar shata sai dai ya dangwala yatsa. Wani malami ya juyo ya ce, "Alhaji, wannan kan ba naka ta ɗauko ba, na marigayiya ne." Aka yi dariya.

Lawwali ya ji abin yana tasowa daga cikinsa. Ya san shi yanzu. Ya cije leɓe, ya kau da kai, amma ido ya riga ya sauka a kanta. Bakinsa ya buɗe da kansa.

"Wanga kai, da nawa ne."

Ta tsaya a tsakiyar aya. Ta nemi ta gaba ta rasa. Sai ta miƙe, ta ɗaga hannun hagu, ta fara juya shi, tana wani gurnani daga maƙogwaro irin na jirgi in zai tashi. Maza huɗu suka kasa riƙe hannun. An kai ta asibiti, an kai ta wurin masu ruƙiyya. Har yau tana ɗaki a kulle, kuma hannun bai huta ba.

Lawwali ya koma tsaunin da rana tsaka, yana haki.

"Mun yi da kai ba jinin gidana."

Bokan ko ɗagowa bai yi ba. "Na taɓa su?"

"Matata tana ƙasa. Ɗiyata ta haukace."

"Ni kalma na karɓa. Idon naka ne, da shi ka hau dutsen ga tun farko. Ni murfin kawai na cire."

"Ba ni kalmata."

Bokan ya nuna rufin kogon, goruna suna ta lilo. "Nemo ta. In ka fasa na wani, abin da ya sayar ya hau kanka."

Lawwali ya dube su. Duk iri ɗaya. Ya durƙusa. "Saura ɗa guda gare ni. Faɗa min mafita."

"Biyu ce. Ka daina hassada." Ya yi dariyar nan tasa maras sauti. "Ko ka rabu da jirgin. In ya bar hannunka, injin hagu ya koma shan mai kamar kowane inji, idonka ya koma na kowa."

Mai saye bai yi wuyar samu ba. Wani attajirin Kano ya zo har Gusau, ya zagaya jirgin, ya shafa fiffike, ya hau matakala ya sauko don ya ji yadda take. Lawwali na tsaye yana kallonsa yana saukowa, mutane suna ɗaga kai. Ya ga yadda za a yi gobe: wani a sama, shi a ƙasa kusa da farantin goron Yahaya.

Ya ce, "Na fasa."

A ransa ya ce akwai dabara. Ba sai ya kalli yaron ba.

Lokacin Mu'azu yana Zariya yana koyon tuƙin jirgi. Tun ranar da ya fara shiga jirgin ubansa ya zauna kusa da Ezekiel, ba shi da wani buri. Da ya gama ya dawo gida, ya shiga gaida uban. Lawwali ya juya fuska ga bango.

"Baba, na dawo. Na samu lasin."

"Na ji."

"Ba ka duba ba."

"Aje nan. Tashi ka tafi."

Haka aka yi ta yi. In Mu'azu ya shigo ta ƙofa, uban ya fita ta wata. In sun haɗu a masallaci, Lawwali ya kafa ido a ƙasa. Ya hana a sa yaron a jirginsa, ya ce ya nemi aiki a Legas. Wata rana Mu'azu ya tare shi a zaure.

"Baba, mi na yi maka? Inna ta tafi, Juwairiyya ga yadda take. Ni kaɗai na rage, kuma ko fuskata ba ka son gani. In laifi na yi, ka buge ni."

Lawwali ya rufe idonsa da tafin hannu. Da ya faɗa masa gaskiya a ranar, da yaron ya gudu ya tsira. Girman kai ya hana. Ya ce, "Ba ni hanya."

Mu'azu ya kai kukansa wurin Ezekiel. Ezekiel mutum ne mai tausayi, shi ma uba ne. Ya ce, "Bar shi. Babu uban da zai ga ɗansa ya sauke jirgi zuciyarsa ba ta yi sanyi ba. Ran Alhamis zan ɗauko baƙinsa daga Abuja, shi da kansa zai zo tarba. Kai za ka zauna kusa da ni, kai za ka sauke."

Ran Alhamis hadari ya haɗu ta gabas, iska na kaɗawa ta gefe. Lawwali na tsaye a filin jirgi da jama'arsa. Jirgin ya ɓullo ƙarƙashin gajimare yana tangaɗi. Sai ya daidaita, ya sauko a karkace yana fuskantar iskar, daf da ƙasa ya miƙe, tayoyi suka taɓa kwalta kamar an aje ƙwai. Wurin ya ɗauki tafi.

Aka kashe injina. Baƙi suka sauko suna cewa ba Kyaftin ba ne, yaron ne. Sai ga Mu'azu a bakin ƙofa, farar riga, baƙin wando, igiyoyi a kafaɗa. Mutanen da suka saba rugawa wurin Lawwali suka ruga wurinsa. Shi kuwa ya ɗaga wa uban hannu, ya ɗauko maɗaurin da ake ɗaure farfela da shi don kada iska ta juya ta, ya nufi injin hagu, don ya gama aikinsa kafin ya zo gaisuwa.

Lawwali ya gane sunan da ake kira. Ya sunkuyar da kai, ya kafa ido kan takalminsa.

Yahaya ya matso da farantinsa, fuskarsa cike da murna, ba mugunta ko ɗis a ransa. Ya dafa kafaɗarsa.

"Tubarkalla, tubarkalla. Bawana, ɗaga kai ka ga ɗanka. Kai ka sayi jirgin, amma shi jirgin ya sani. Kai fasinja ne kawai."

Lawwali ya ɗaga kai.

Ya ga yaron, dogo, kyakkyawa, hannunsa kan farfela, duk idon filin a kansa. Ya so shi, Allah ya sani ya so shi. Amma ƙarƙashin son, tsohon abin ya motsa. Ya ji shi yana hawowa. Ya tattara duk ƙarfinsa ya nemi kalmar, ya tono ta daga gindin harshe.

"Tuba... tuba..."

Nan ta tsaya. Sauran yana cikin gora a bayan 'Yankuzo. Abin da ya fito a madadinsa, a hankali, shi ne, "Yaron ga ya fi ni."

Injin hagu a kashe yake. Ezekiel ya rantse a kan haka, kuma babu kowa a kujerar tuƙi. Amma ya yi gurnani, farfelar ta ɗauka gaba ɗaya.

Ba a faɗin abin da aka gani. Farar rigar dai ba ta sake zama fara ba.

Ezekiel ya aje hularsa a kan matakala ya tafi, bai ƙara tuƙi ba. Babu matuƙin da ya yarda ya hau jirgin, babu attajirin da ya yarda ya saye shi ko a matsayin ƙarfe. Ramin zinariya ya rufta. Gidan Gusau ya tafi, motoci suka bi shi. Aka ja jirgin can gefe, ciyawa ta kai masa ciki, fentin ya ɓare. Masu yankan ciyawa sun ce farfelar dama ta yi tsatsa ta kafe, amma ta hagu takan juya a ranar da ko ganye ba ya motsi.

Lawwali yana Furfuri, a zauren Yahaya. Yahaya ke ciyar da shi, shi ke kula da Juwairiyya, da kuɗin goro. Lawwali ya ɗaure idanunsa da tsumma, ba ya yarda a kwance. Yakan zauna bakin hanya yana faɗin rabin kalmar nan daga safe har yamma: "Tuba, tuba." Baƙi na zaton wa'azi yake yi, har su jefa masa sadaka. Ba wa'azi yake ba, ƙarasawa yake son yi. Amma abin da Allah ya bar masa a baki ya isa wa'azi.

Kai da ke kallon motar maƙwabcinka kana jin ɗaci a maƙogwaro, da kai ake. Boka bai ƙera wa Lawwali komai ba. Abin da ya kashe gidansa da shi ya hau dutsen, kuma irinsa na cikin ƙirjinka. Kwaɗayi ba ya tsayawa a kan abin maƙwabci. In ya gama da waje, gida yake shiga, ya fara da wanda ka fi so. In ka ga alheri a hannun wani, buɗe baki ka faɗi kalmar tun tana fita cikakkiya.